Baturiyar da Ta Zo Daga Maraɗi

Ina aji biyu a sashen aikin gona aka rufe jami'armu a Yamai, saboda mun yi bore a kan abinci. Na koma gida Maraɗi na tarar abin da muka yi wa bore ya fi na gidanmu auki. Damina biyu a jere ba a girbe abin kirki ba. Babana malamin firamare ne, albashi kuwa sai ranar da gwamnati ta tuna da shi. Ina zaune wata rana ina taya mahaifiyata tsince tsakuwa daga gero, sai ƙawata ta shigo da labari: wata ƙungiyar Turawa tana neman ɗalibai masu aikin sa-kai, za a tura su ƙasashen waje na wata uku, a sauke su a gidajen mutane, ci da sha duk na ƙungiya.

Ba zan yi ƙarya ba, ci da shan nan kunnena ya fara kamawa. A takardar neman shiga kuwa na rubuta cewa tun ina ƙarama zuciyata take ƙuna saboda talakawan duniya.

Aka ɗauke ni. Aka yi mana horo na mako biyu, aka koya mana gina murhun laka mai tsimin itace, wanda aka ce shi zai hana hamada cinye Afirka. Aka kuma koya mana zama da baƙin mutane. Baturen da yake koyar da mu ya ce, mutanen da za ku sauka a gidajensu da hannu suke cin abinci, kada ku nuna mamaki. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi a ƙarƙashinsa. Har na ari wata kwat mai kauri a wurin ɗan'uwan babana, don na tabbata inda za a kai ni akwai sanyi da jirgin sama.

Ranar da aka raba takardu na buɗe tawa nan take. Nijeriya, jihar Kano, wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Na kai wa mahaifiyata, ta sa na karanta mata sau biyu.

Ta ce, "Ƙasar wajen ke nan? Ai kakanki a kan jaki yake bi ta can zuwa sayen goro."

Duk da haka na tafi da kwat ɗina.

Ƙaramar bas ta sauke ni a Tsanyawa ranar kasuwa, tsakiyar bazara, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Jami'in ƙungiyar na Kano yana jirana a jikin wata farar mota, mutum mai tumbi da baƙin tabarau. Na tsaya a gabansa da akwatina, shi kuma yana ta leƙen bayana. Da na miƙa masa takarda ya duba ta, ya dube ni, ya sake duba ta.

"Ke ce ɗalibar?"

Na ce ni ce.

Ya cire tabarau ya goge fuska. Ashe a wasiƙar da ya aika wa dagaci ya rubuta cewa ɗaliba ce daga ƙasar waje, mai jin Faransanci. Shi ma bai taɓa ganina ba. Ya mayar da tabaransa, sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ki sa wannan kwat ɗin. Idan mun isa ki rage Hausa, ki yi ta Faransancinki. Mutuncin ƙungiya ne."

Muka bar kwalta muka shiga tsakanin gonaki. A can ba ka ganin daji. Gona tana jikin gona, kowace da shingenta, kowace bishiya da mai ita, jakuna suna ta kai taki a mangala ana jibge shi tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Muna shan kwana sai ga taro a gindin wata babbar tsamiya: dagaci a kan darduma, dattawa, hedimasta da takarda a hannu, mata sun leƙo ta saman danga.

Mota ta tsaya, na fito cikin kwat, gumi yana bin bayana. Babu wanda ya kalle ni. Kowa idonsa yana kan ƙofar mota. Wani dattijo ma ya taso ya leƙa ciki, ya duba har ƙarƙashin kujera. Da jami'i ya nuna ni ya ce ga baƙuwarku, sai mutane suka shiga kallon juna.

Hedimasta dai ya riga ya sha wahalar rubuta jawabi da Turanci, ba zai bar shi ya tafi a banza ba. Ya gyara murya ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ban fahimci ko rabinsa ba, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Da ya gama na mayar masa da Faransanci, kamar yadda aka umarce ni. Mutane suka fara gyaɗa kai. Na ji wani yana cewa ai akwai baƙaƙen Turawa, ya taɓa ganin ɗaya a Kano. Abu ya fara kyau ke nan, sai wani cinnaka ya hau ƙafata ya gantsara mini cizo a bayan gwiwa.

Na daka tsalle na ce, "Wayyo Allah, Innata! Cinnaka!"

Daga bayan danga wata mata ta fashe da dariya, irin wadda ba a iya tsayarwa. Ta ce, "Baturiyar taku ta san cinnaka!" Wannan matar ita ce aka ba ni a matsayin uwa, ita na kira Inna har na bar garin.

Mijinta malami ne, yana karantar da Alƙur'ani a zaure da safe, sannan ya ɗauki fartanya. Kowa Malam yake ce masa, ni kuma Baba. 'Ya'yansu maza biyu sun tafi ci-rani kudu tun da aka ga damina ta ƙi, sai matar babban tana gidan da goyonta, ina ce mata Yaya. Dagaci ya zaɓi gidan ne don tsafta da amana, kuma an yi wa Baturiya shiri na gaske. An shafe ɗaki da farar ƙasa. An aro gadon ƙarfe daga gidan hedimasta. An samo cokali mai yatsu guda ɗaya. An haƙa sabon masai, aka ɗora masa tsohuwar kujerar katako da aka huda tsakiyarta, don an ji labarin Turawa ba sa iya tsuguno.

Kwana uku da zuwana matar hedimasta ta aiko a ɗauki gadon, wai za su yi baƙi. Na koma tabarma, na fi jin daɗin barci ma. Sunan dai ya bi ni. Har na tafi, Baturiya ake ce mini.

Hausarmu ɗaya, amma ba ɗaya ba. Ni a lokacin lahiya nake cewa, da tahi, da mi, Yaya kuwa ba ta gajiya da sa ni in maimaita don ta yi dariya. Da yammacin rana ta biyu Baba ya kira ni tsakar gida don mu san juna. Ya tambayi garinmu, ya tambayi unguwarmu, sannan ya ce, "Mahaifin naki me yake yi?"

Mu a Nijar malamin boko mushe muke ce masa. Na ce, "Mushe ne, Baba."

Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa. Amma 'yar nan, ko a ƙasarku ba a faɗin haka ga mamaci, balle uba."

Na ce, "A'a, yana nan da ransa. Babban mushe ne ma, duk Maraɗi an san shi."

Baba ya dubi Inna, Inna ta dubi Baba. Sai da na kwatanta allo da alli da yara a aji sannan aka gane. Baba bai yi dariya a gabana ba, don malami ne mai kamun kai. Ya tashi ya shiga zaure, muna jiyo shi yana tari har ya daɗe.

Mako na zagayowa na fara aiki. Na tara matan unguwa a gidan Inna, na buɗe takardata mai zane. Mafi ƙanƙantarsu ta fi ni shekarun girki. Na tsaya a gabansu ina bayyana musu yadda wuta take ci, suna sauraro da ladabi, irin wanda ake yi wa marar lafiya.

Murhun yana buƙatar laka da ƙaiƙayi da kashin jaki. Da na je ɗiba a turke, Baba ya tsayar da ni.

"Ina za ki kai shi?"

"Murhu zan gina, Baba."

"Wannan na gona ne. Ke da aka ce aikin gona kike karanta?"

Sai da Inna ta sa baki ya yarda da kwando ɗaya, kuma ya tsaya yana kallo kada in cika shi.

Na gina guda biyu, babba da ƙarami, daidai da zane, ina aunawa da rula. Suka bushe suka yi kyau kamar a ci. Kowanne rufe yake ruf, sai 'yar ƙofa da za ta ɗauki itace uku. Inna ta zagaya su, ta sunkuya ta leƙa ƙofar, ta miƙe.

"Ina itacen?"

Na ce ai kowane itace zai yi.

"Na ji. Ina yake?"

A nan na fara lura cewa tun zuwana ban ga an sa itace a wuta ba. A garin ba wanda zai sari bishiya, kowace ta wani ce, kuma tana ba shi kuka ko kalwa ko abincin awaki. Da kara ake girki, da tushiyar dawa da ake tonowa a gona. Kara kuwa dogo ne, yana son iska, yana son a riƙa tura shi. Ba a faɗi wannan a horonmu ba.

Na dage a gwada babban. Muka kakkarya kara muka cusa. Hayaƙi ya turnuƙe gidan, goyon Yaya ya fara tsala ihu, maƙwabta suka leƙo ko gobara ce. Tuwon da ake gamawa kafin magariba bai nuna ba sai da Baba ya dawo daga masallaci ya zauna yana jira, da aka kai masa kuma ya ce yau miyar hayaƙi aka yi.

Washegari da safe na fito na tarar da Inna da 'yar fartanya a hannu. Ta riga ta fasa ƙofar babban murhun ta buɗe ta sosai, ta huda rami a bayansa, ta rage masa tsawo, tana shafe gefen da sabuwar laka.

Na ce, "Inna, ba haka yake a takarda ba!"

Ba ta ko ɗago ba. "To ki dafa mana a takardar."

Da ya bushe ta hura shi. Wuta ta kama lafiya, iska ba ta kwashe ta, kuma ƙaramin dami na kara ya gama abin da babba yake yi a da. Ita da kanta ta ce abin ba laifi, wanda ya ƙirƙiro shi yana da hankali, girki ne dai bai taɓa yi ba. Mata suka fara zuwa gani, suna roƙo a gina musu irinsa. Ba ni suke roƙo ba, Inna suke roƙo. Muka shiga bin gidaje, ita tana gini, ni ina ɗauko laka daga kududdufi da ruwa daga rijiya, da yamma kuma in rubuta rahoto cewa mata suna karɓar koyarwata hannu bibbiyu. Ƙaramin murhun da ba a taɓa ba, wata kaza ta ga ƙofarsa ta yi mata daidai, ta shiga ta fara ƙwai.

Jami'i yakan leƙo bayan mako biyu, ba ya kashe mota. A zuwansa na farko ya kawo kwali babba, gida ya ɗauka abinci ne. Aka buɗe sai ga littattafan bayanin murhu, da Faransanci. Gaskiya sun yi amfani. Babu abin da ya kai su saurin kama wuta.

Ni dai ina cin abincina. Safe da yamma Yaya takan kawo mini tuwo a ɗaki, a rufe da faifai, wani lokaci har da ɗan man shanu. A raina na ƙungiya nake ci, tunda an ce ci da sha nasu ne. Har ina jin na yi wa gidan alheri, don na tabbata suna samun rara ta dalilina. Na fara ƙiba.

Wata rana tulun da nake ɗebo ruwa ya tsage, na dawo gida kafin azahar, lokacin da ba a saba ganina ba. Tsakar gida ba kowa. Na ji motsi a bayan rumbu, na zagaya. Inna da Yaya suna tsugune a kan ƙwarya ɗaya. Dusa ce aka dafa da busasshen ganyen tafasa, aka barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli. Da Yaya ta gan ni ta ja faifai ta rufe.

Inna ta ce, "Marmari muke yi."

Na taka dutsen da ke gindin rumbun na ɗaga murfin na leƙa. Sai da na zura kai sosai sannan na hango 'yan dammuna a can ƙasa, an ɗaure su daban. Ko ɗalibar da ba ta san kara ba ta san iri idan ta gan shi.

Na sauko na ce, "Inna, ƙungiya ba ta kawo abinci ba?"

"An ce yana hanya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo."

Na zauna a ƙasa. Mako biyar ina cin tuwon mai shayarwa da na tsohuwa, ina rubuta cewa na zo taimako. Kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, ba na Turawa ba. Inna ta ce in yi shiru kada maƙwabta su ce an doke ni. Na ja ƙwaryar na sa hannu. Ta riƙe mini wuyan hannu ta ce baƙuwa ba ta cin wannan a gidanta, ko da za a kwana da yunwa. Na ce ni kuma na daina cin tuwon ɗaki daga yau. Muna cikin ja-in-ja Baba ya shigo, aka mayar masa da magana.

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Tunda ta ƙi baƙunta, shi ke nan. Ku ci tare. Ku kuma ba ta taɓarya da tsintsiya."

Daga ranar abin da ake da shi ake haɗawa a raba. Daga ranar kuma aka daina tausaya mini. Inna ta gano ban iya surfe ba, ban iya tankaɗe ba, in na yi daka rabin hatsin a ƙasa yake ƙarewa, kaji suna bina kamar uwarsu. Takan tsaya a kaina ta ce, "Wai a Maraɗin me uwarki ta koya miki?" Hannuna ya yi kanta, ƙibar ta zube, amma a lokacin ne na fara jin labaran gidan: ɗan da ya daina aiko wasiƙa, rijiyar da take ja da baya kullum, da shekarar da Inna ta zo garin tana amarya ta tarar da surukarta ta ɓoye gishiri don ta gwada ta.

Da jami'i ya sake zuwa na tare shi a ƙofar gida. Na fara da Faransanci, na ga bai isa ba, na koma Hausar Maraɗi tsantsa. Ya saurara yana kaɗa makullin mota. Ya ce buhunan abincin suna sito a Kano, sa hannun mutum ɗaya ake jira, mutumin kuma ya tafi taro a kan yunwa.

Buhunan sun iso kwana biyu kafin zuwan shugabar ƙungiya daga Turai. Jami'i ya sa aka jera su a zaure, tambarinsu yana kallon ƙofa, ya ce kada a kwance ko ɗaya sai an ɗauki hoto. Kwana biyu muna cin dusa muna wuce su. Ranar da aka jera su ɗin, jami'i ya kuma shiga cikin gida duba murhu. Da ya ga na Inna ya dafe kai.

"Wa ya ɓata wannan? Ina na zane?"

Na nuna masa ƙaramin. Ya ce madalla, shi za a nuna, a kori kazar a wanke shi, a kuma nemo itace uku. Sai da aka je har gidan dagaci aka aro su, da sharaɗin kada a ƙona.

Ranar zuwan, Inna ta yi wanka tun da hantsi. Ta ciro atamfarta ta ƙasan adaka, ta sa kwalli, ta zuba awarwaronta na azurfa a hannun dama, ta fito da kwanukanta masu fure ta jera a bakin ɗaki. Jami'i ya shigo ya gan ta ya tsaya cak.

"Inna, ai da kin sa zanen da kike aiki da shi. Su can sun fi son ganin yadda ake fama."

Inna ta ce, "Hotona za a kai ƙasar wasu?"

"Ƙwarai."

"Kuma in fita kamar wadda aka tono? Ɗan nan, kai ka cire tabarau da takalmi ka yi faman, a ɗauke ka."

Garin dai ya samu Baturiyarsa ta gaske a ƙarshe. Doguwa ce, zafi ya mayar da ita ja kamar gauta, da kyamara a wuya. Hedimasta ya sake karanta jawabin nan, bai canza ko kalma ba. Da aka shigo gida sai ta gano ina jin Faransanci, wanda shi ne harshenta, ta bar jami'i ta koma yi mini magana. Shi kuwa ba ya jin ko ɗaya.

Aka tsayar da Inna a gaban ƙaramin murhu, da itace uku na aro. Baturiya ta ɗaga kyamara ke nan sai ga kazar nan ta ratso tsakanin ƙafafun mutane, ta bi ta kan itacen ta shige ɗakinta, ta juyo tana kallonmu. Jami'i ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Baturiya ta ce in tambayi Inna yadda murhun nan ya canza rayuwarta.

Inna ta ce, "Ki gaya mata kaza ta gode. Ba ta taɓa samun ɗaki irin wannan ba."

Jami'i ya zaro mini ido. Na tuna takardar shaidar da za a ba ni, wadda sai da sa hannunsa. Na tuna dusar nan. Na fassara maganar Inna kalma da kalma, na ƙara da cewa a garin nan ba a girki da itace, waɗannan ukun ma na aro ne, kuma murhun da ake amfani da shi ga shi can, Inna ce ta gyara shi.

Baturiya ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Mace ce mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta durƙusa a gaban murhun Inna, ta sa aka hura shi, ta auna ƙofar, ta zura hannu a ramin baya, ta yi ta tambaya tana rubutu. Ta ce in tsaya a gefensa da kwat ɗina, Inna a ɗaya gefen, ta ɗauke mu. Da za ta tafi ta tambayi abin da suka fi buƙata. Inna ta ce ruwan sama, amma ta san ba a hannunta yake ba, don haka a ce wa mai tabarau ya bari a kwance buhu.

Motarsu ba ta ɓace ba Baba ya sa aka kwance. Bai shigar da su cikin gida ba. A zaure ya zauna da kwano, ya aika gida-gida a unguwar, ya fara da inda babu namiji. Abin da ya rage mana bai kai yadda na zata ba. Na yi gunaguni, Inna ta ce in rufe baki, ai duk unguwar sun san ranar da aka sauke su.

Ruwan farko ya sauka saura mako biyu in tafi. Da gari ya waye kowa ya fita gona. Na ce yau dai za a ga amfanin jami'a, na fito da igiya zan ja layi. Kafin in gama ɗaure ta Baba ya kai tsakiyar gona da sungumi, yana sara yana tafiya, layinsa kuma ya fi igiyata miƙewa. Na naɗe abata na bi bayan Inna, ina jefa iri ina rufewa da diddige. Wannan kam ta ce na iya.

Ranar tafiyata Inna ta ƙulla mini daddawa da kuka, sannan ta kawo wani ƙunshi mai nauyi ta cusa a akwatina, a kan kwat. Ragowar irin gero ne da bai shiga ƙasa ba. Na ce ba zan karɓa ba, kaka da sauran nisa. Ta ce ta ji a rediyo namu farin ya fi nasu, in kai wa mushe ya sha kunu. Yaya ta raka ni har bakin hanya tana sa ni in ce lahiya sau ɗaya na ƙarshe. Baba ya yi mini addu'a mai tsawo a zaure, ya ce in gaya wa mahaifina yana da ɗan'uwa a ƙasar Kano.

Haka mai aikin agaji ta koma gida da agaji a akwati. Mahaifiyata ta kwance ƙunshin ta daɗe tana kallonsa. Ya kai mu kwanaki.

Bayan an buɗe jami'a, mujallar ƙungiyar ta iso ni. Ga ni nan a shafin tsakiya cikin kwat, a gefen murhun Inna. A ƙasa an rubuta cewa wata haziƙar ɗalibarsu ta ƙirƙiro sabon murhu mai aiki da kara. Inna kuwa an yanke ta daga hoton, sai hannunta ɗaya da ya rage a gefe. Ina jin wanda ya tsara shafin ya ga atamfar ba ta dace da labarin ba. Na rubuta musu doguwar wasiƙa na bayyana wadda ta yi aikin. Suka amsa da cewa tawali'una ya burge su ƙwarai, suka haɗo mini da takardar yabo.

Abin ya tsaya mini a rai, har na rubuta wa Baba ta hannun hedimasta, na ba da haƙuri, na faɗi duk yadda aka yi. Amsa ta zo bayan kaka, da rubutun hedimasta, wannan karon da Hausa. An samu amfani daidai gwargwado, ɗan da ya yi shiru ya dawo, goyon Yaya ya fara tafiya. A ƙarshe aka ce Inna tana gaishe ni, kuma tana tambaya wane hannu ne ya fito. Idan na dama ne mai awarwaro, to ba komai, in aiko mata ta gani.